Rigar da Fim Ya Ɗinka Mana

Mu dai in muka zauna kallo, ba ma jiran a gaya mana wane ne mugu. Tun mutum bai buɗe baki ba mun gama yi masa shari'a. A hasko dattijuwa ta turo ɗauri gaban goshi, ta riƙe ƙugu tana karkaɗa ƙafa, sai ka ji tsakar gida ta ɗauka: "Ga ta nan! Uwar miji ce. Yau yarinyar nan ta shiga uku." A hasko budurwa ta fito daga mota da baƙin gilashi, an ce daga jami'a take, to mun san ba za ta durƙusa wa kowa ba, tuwonta gudaji ne zalla, kuma kafin a tashi sai duniya ta yi mata atishawar tsaki. Alhaji mai tumbi a kujerar baya, waya a kunne yana murmushi: aure zai ƙara, uwargida ba ta da labari. Wanda kuwa ya shigo da hula a karkace, wando a ɗage, baki sake yana ƙirga hawan bene, wannan daga ƙauye yake, kowa ya gyara zama. Yaron da bai iya ɗaura tazuge ba ma ya san wannan karatun, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya biya masa.

A gidan kitson layinmu aka fi yin wannan hira, don mai kitson ba ta taɓa kan mutum sai ta jingina waya jikin gwangwanin mai tana yi. Ran nan maganar marigayiya Daso ta taso.

"Anti, ni fa ina yarinya ko a jikin bango na ga hoton matar nan sai gabana ya faɗi," in ji ta, tana tsaga min kai da kibiya.

Goggo na gefe tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke tafi can, 'yar nan. Baiwar Allah sana'arta take yi. Ku masu kallon ne ba ku san inda wasa ya tsaya ba."

Gaskiyar Goggo. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta shekara ashirin da ɗoriya tana fitowa a kishiya mai bin boka, ko uwar da ta hana ɗanta sakat, ko matar uba mai gallaza wa marainiya. Da Allah Ya yi mata rasuwa a ƙarshen azumin 2024, shaidar da abokan sana'arta suka yi ta bayarwa ita ce ta mace mai raha da barkwanci da son jama'a. Ita ta cire fuskar nan duk sanda aka kashe kyamara. Mu ne muka ɗauke ta muka zo da ita gida, muka liƙa wa iyayen mazanmu.

Ga shaida nan a layinmu. Wata yarinya aka kawo bara, gidan yawa ne, uwar mijin na sashen gaba. Sati bai cika ba tsohuwa ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a sabon kwanon sha, ta rufe da faifai, ta ba jikarta ta kai wa amarya. Amarya ta karɓa hannu bibbiyu, ta ce a gaida Mama, an gode, Allah Ya ƙara girma. Yarinya na juya baya ta zagaya ta tuttular da shi a kwata. Washegari haka, jibi haka. Abin da ba ta lura da shi ba, kwatar tata ta ƙofar ɗakin tsohuwa take bi ta fita waje. Tsohuwa na tsugune tana alwalar la'asar sai ga kununta fari tas yana wucewa, har da ƙwayoyin shinkafar. Ba ta ce uffan ba. Ta dai daina damawa. Da magana ta fito aka zaunar da amarya, sai ta ce ai ƙawayenta ne suka ja mata kunne, kada ta kuskura ta ci abin hannun uwar miji, a abinci ake barbaɗawa. Wa aka taɓa barbaɗa wa a danginku? Babu. A unguwarku fa? Shiru. To ke a ina kika gani? Ta sunkuyar da kai.

Ba wai babu uwar miji mai wuyar sha'ani ba ne. Akwai, alƙalai sun sani, masu unguwanni sun sani, boka ma bai rufe shago ba. Amma wadda ke tashi da asuba ta dafa ruwan jego, ta goyi jika, ta rufa wa surukarta asiri a gaban ɗan da ta haifa, ita ma tana nan a kowane lungu. Ba a dai ɗaukar ta a kyamara, wai ba ta da daɗin kallo. Fim ɗinmu tela ne mai awo ɗaya: ya yanka rigar uwar miji tun shekara talatin da suka wuce, duk tsohuwar da ta aurar da ɗa sai a zura mata, ta yi mata ko ba ta yi ba.

In za a bi salsala, ba 'yan fim ne suka ƙirƙiro waɗannan mutane ba. A ɗakin kakanninmu suka tsince su. Wa bai san 'yar bora da 'yar mowa ba, da ƙirgin da aka ce sai an je ruwan Bagaja an wanko? Muguwar kishiyar uwa ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. Sai dai tatsuniya tana da ƙurunƙus. Ana faɗar sa kowa ya san an dawo duniya, a je a kwanta. Kuma a tatsuniya kowane yaro shi yake zana fuskar muguwar a ransa. Fim kuwa ya ba ta fuskar mutum, ya sa mata atamfa irin wadda ake yayi, ya zaunar da ita a falo mai labule irin namu, tana magana da harshen da maƙwabciyarmu ke yi. Daga nan raba ƙarya da gaskiya ya zama aiki.

Sannan a tuna wa aka yi wa fim ɗin tun farko. Silima ta daɗe a Kano, tun Rex da aka buɗe a 1937, aka zo su Palace da Plaza da Orion da Marhaba, inda Kwarori suka cika mana ido da fina-finan Indiya. Amma silima wurin maza ce, macen da aka gani a can ta gama zubar da mutuncinta. Sai da kaset ya zo, aka yi Turmin Danya a 1990, sannan kallo ya tsallake zaure ya shiga har ƙuryar ɗaki. Su wa ke ɗakin? Mu. Mu ke ƙulla kuɗi a bakin zani mu aiki yaro shagon haya, mu ce in babu sabo ya karɓo na jiya. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata ba malaman tarbiyya ba ne, abin da ya ƙare a shago shi suke cewa a ƙaro. Suka lura abu biyu ba sa kwantai: waƙa da rikicin gidan aure. To sai aka yi ta kawowa. Duk macen da ke zagin 'yan fim kan sun mai da mu masu bin malaman tsibbu, ta tuna sau nawa ta kashe fim don "ba a komai a ciki", alhali abin da ba a yi ba ɗin dambe ne.

Daga Indiya kuma muka aro macen kirki. Ita ce mai haƙuri, mai sunkuyar da kai, mai kuka ba sauti. Sangaya, wanda ya fito wajejen 2000 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, labarin 'yar aikin gidan sarauta ne da ta sha wulaƙanci ta daure, ƙarshe ta samu ɗan sarki. Mun so shi, ni ma na so shi, har yanzu in aka sa kiɗan sai na gyaɗa kai. Amma ka duba darasin da aka yi ta maimaitawa daga nan: ladan mace na cikin shirunta. Wadda ta ɗaga murya ta ce an zalunce ta, ko da gaskiyarta, an riga an sa mata kiɗan mugunta a bayan fage. Bazawara kuwa ba a ma magana. In ba tana zawarcin mijin aminiyarta ba, to tana ɗakin tsohuwa tana cizon yatsa.

Ba dole ba ne a yi haka, an ma taɓa yin sabaninsa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi, matar Alhaji Abdu, an kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya. Ba ta je wurin boka ba, ba ta kuma zauna jiran mutuwa ba: tukunya ta ɗora, ta sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta. Irin Rabi sun cika unguwanninmu, su ne masu ƙosai da masu awara da masu ɗinki da ke biyan kuɗin makaranta. Sai da alƙalami ya shiga hannun macen da ta san zafin abin sannan aka gan su.

A nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Masu rubutawa da masu ba da umarni da masu zuba kuɗi, akasarinsu maza ne. Kuma mun kafa wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba amma ta fi doka ƙarfi: 'yar fim in ta yi aure ta bar fim, sai in auren ya mutu ta dawo, mu kuma mu taru mu ce ai dama ba sa zaman aure. Namiji kuwa ya yi mata huɗu, gobe ya fito yana rera wa budurwa waƙa a gindin bishiya, ba mai cewa kanzil. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar fim saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ; ita aka yi ta tsine wa a rediyo da majalisu, shi sunansa ma wasu a ranar suka fara ji. To in macen da ke cikin aure, mai shekara talatin da biyar, mai 'ya'ya da sana'a, ba ta da wurin tsayawa a gaban kyamara, wa zai nuna mana rayuwarta yadda take? Sai a bar mu da 'yan mata da tsofaffi. Tsofaffin ma da Ladin Cima ta fito a BBC Hausa a 2022 ta faɗi 'yan dubban da ake sallamar ta da su, bayan ta tsufa a sana'ar, sai da gari ya ɗauka.

Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001. Tana auna tsawon mayafi, tana auna rawa, tana duba ko hannu ya taɓa hannu. Ban ji ranar da aka dawo da fim don an mai da duk wata 'yar boko marar kunya ba, ko don an mai da duk wani baƙauye dolo.

Kada maza su ce mata ake yi wa. Su ma an ɗinka musu tasu. Namiji a fim ɗinmu iri biyu ne: ko azzalumi mai zare ido, ko mijin-ta-ce. Da zarar an hasko magidanci riƙe da jariri ko yana hura wuta, an san dariya ake nema, ko kuma ana so a nuna an shanye shi. Wani maƙwabcinmu, da aka yi wa matarsa aiki wajen haihuwa kuma ba ta da kowa a gari, shi ya riƙa wanke kayan jariri. Amma sai dare ya raba yake yi, ya shanya a igiya, ya kwashe kafin kiran assalatu, ko sun bushe ko ba su bushe ba. Matarsa ce ta ba mu labari tana dariya tana share ƙwalla. Mutum na aikin lada yana ɓuya, don kada 'yan majalisa su sa masa sunan wani a fim.

Su 'yan majalisar ma ai abin kallo ne. Baban yara ya dawo ran nan yana huci, wai a teburin mai shayi an kunna wani fim ɗin Kudu, sai ga Bahaushe an fito da shi mai gadi kamar kullum: 'yar rediyo a kunne, buta a gefe, haƙora ja da goro, Turanci a karye, yana buɗe ƙofa yana washe baki. "Shekara nawa ana wannan cin fuska? Ba likita a cikinmu? Ba farfesa? Mai kuɗin Afirka kaf ba Bakano ba ne?"

Na ce, "Haka ne, Malam, ba su kyauta ba. Ga tuwonka."

Bai gama cin tuwon ba ya kunna wayarsa, ga Baban Chinedu yana karya Hausa irin ta Inyamurai yana lissafin riba, Malam na dariya har da ƙwarewa. Aka wuce wannan, ga wani an naɗa masa malfa da sanda a wuya, wai Bafulatani ne ya shigo birni, an sayar masa da abin da ba na sayarwa ba. Dariya sabuwa. Na ce, "Malam, shi wannan ba shi da farfesa a danginsu?" Ya ce in bar shi ya ci abinci cikin kwanciyar hankali, wannan ai wasa ne.

Wasa muna da shi, kuma mun iya. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe: a haɗu a kasuwa a yi wa juna tatas, a rabu ana dariya. Amma sharaɗin wasan taubasai shi ne kowa na da baki. Ka ce masa bawanka ne, ya ce kakanka ne ya yi wa kakansa dako, an yi kunnen doki. A fim kuwa ɗaya ke riƙe da kyamara, ɗayan an sa wani ya ari bakinsa ya ci masa albasa. Bagwari da Bamaguje da Bafulatanin daji ba su da ranar ramawa. Shi ya sa abin da Malam ya ji a ransa a teburin mai shayi daidai ne, kuma shi ne abin da mai kawo mana nono take ji in yaran layi suka bi ta suna kwaikwayon maganarta.

Marigayi Ibro, Allah Ya jiƙansa, ya fi masu kwaikwayonsa fahimtar wannan. Rabilu Musa, wato shi Ibron, ɗan ƙauye ne na gaske, tsohon gandiroba, ya san talaka ciki da bai. Baƙauyensa sau da yawa shi ke yi wa 'yan birni wayo, ya ci na Alhaji ya ci na ɗan sanda, ya bar su da hamma. Dariyar ba a kansa kaɗai take ƙarewa ba. Tun da ya rasu a ƙarshen 2014, masu bin sawunsa da yawa hular suka gada da wandon, wayon suka bari a can.

Na Bafulatani ma ya tashi daga dariya ya koma wani abu. Da sanda aka san shi a fim, yanzu a labarai da bindiga ake nuna shi. Kowane hari aka kai, ko ba a san wanda ya kai ba, hoton da ake maƙala wa labarin ɗaya ne: saurayi da rawani da shanu a bayansa. Mu nan muna iya bambance Bahaushe da Bafulatani da Buzu, a can Kudu kuwa duk kwando ɗaya ne. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 nan take. Ba fim ne ya kunna wutar ba. Amma waɗanda suka taru a wurin ba su tsaya tambaya ba, don a ganinsu sun riga sun san su wane ne, kamar yadda muke sanin mugu tun bai yi magana ba.

An ɗan samu sauƙi ta wani gefen, ba a ƙi faɗa ba. Tun da tashar Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo shirin Daɗin Kowa, aka ga gari guda a akwatin talabijin: malamin tsangaya, mai shayi, mai gadi, 'yan gudun hijira, har da Stephanie, yarinya Kirista da ke zaune cikin unguwa kamar kowa, ba a kawo ta don a yi dariyar Hausarta ba. Dogon shiri yana da wannan albarkar. In za ka shekara da shekaru kana nuna mutum, dole wata rana mugun ya yi abin kirki, na kirkin ya yi abin kunya, don in ba haka ba labari ya ƙare. Adama matar Kamaye ta cikin shirin ma, duk fitinarta, akwai ranar da za ka tausaya mata. Sai dai abin da dogon shiri ya gyara, ɗan guntun barkwancin TikTok yana warwarewa. Wanda ke da minti ɗaya ba shi da lokacin gina mutum, sai ya ɗauko wanda aka riga aka sani: ga kishiya, ga ɗan daudu, ga baƙauye, a yi dariya a tura wa na gaba.

Ƙanena yana cikin masu rubuta irin finafinan nan masu dogon zango na YouTube. Kwanaki ya zo min da wani labari da ya daɗe yana tattali: ma'aikaciyar jinya ce a asibitin ƙauye, mijinta direba, uwar mijin ke riƙe mata yara in tana aikin dare, su ukun suna fafutukar gina ɗaki biyu kafin damina. Na karanta na ce ya yi kyau, kamar gidan wance na ƙarshen layi. Ya kai wa wani mai zuba kuɗi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, labari ya yi ma'ana. To ina rikicin?" Ƙanena ya ce ai ga shi nan, kuɗin siminti, canjin wurin aiki, ciwon yaro. Ya ce a'a, shi rikici yake tambaya. In ana so ya sa kuɗinsa, direban nan ya ƙaro aure a kashi na uku, tsohuwar kuma a sauya mata hali, a nemo wanda zai fito a boka.

Na ce, "Ai sai ka tattaro takardunka ka taho."

Ya ce, "Yaya, kuɗin haya fa ya ƙare tun watan jiya."

Ya ƙara auren. Kashi na farko da na biyu ba wanda ya kula su. Na ukun da amarya ta shigo, har mai kitso sai da ta turo min, wai in kalla in ga sharrin uwar miji.